Mama Ta Daina Fita Sayen Burodi

Litinin, da hantsi

Yau ma ni na sayo burodi.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce to sai me. A gidanmu wannan magana ta isa a kira dangi a waya. Tun da na yi wayo Mama ce ke sayen burodi, kuma ba ta taɓa sayensa da kayan zaman gida ba. Mai Burodi yakan tsayar da 'yar motarsa a tsakiyar layinmu da sassafe ya danna hon. Kafin ya danna, Mama ta yi wanka, ta yi guga, ta sa kwalli da jan baki, ta ɗaura ɗankwali ta kwance ta sake ɗaurawa, ta nemo jakar da ta shiga da takalmi. Daga ƙofarmu zuwa motar kuwa, ko silifas ka jefa zai kai. Ta sayo ta dawo ta tuɓe, ta ninke komai ta mayar durowa, ta zura rigar aikin gida.

A gidan da ke kallon namu ma haka ake yi. Matar gidan tana da suna, amma ban taɓa jin sa a bakin Mama ba. Waccan take ce mata, mu ma muka tashi muna cewa Waccan. A jikin motar suke haɗuwa. "An tashi lafiya?" "Lafiya lau." Iyakar abin da suke ce wa juna ke nan tun kafin a haife ni. Sauran maganar ido ke yin ta, daga ɗankwali har takalmi, a hankali, ba gaggawa. Idan Mama ta dawo tana 'yar waƙa, ta ce "Ta maimaita jakar shekaranjiya," ranar har nama ake ƙara mana. Idan ta dawo shiru, tukwane ne ke shan wahala.

Tun ranar Alhamis da motar asibiti mai jiniya ta zo ta tafi da Waccan, labulen gidan can a rufe yake. Tun ranar Juma'a Mama tana cikin rigar nan mai ruwan toka, wadda take sawa idan za a yi feshin sauro. Ta ce jikinta ne ba daɗi. A kantin magani nake aiki, na kawo abin awon jini na auna ta, na duba idonta, na taɓa goshinta. Ta fi ni lafiya.

Litinin, da yamma

Rabin kofin shayi Mama ta sha. Shinkafar ta dawo yadda na kai ta.

Talata, bayan na taso daga aiki

Na yi mata gwaji.

Ni ce auta, kuma ni ce abin kunyar Mama a wajen sutura. Ni dai in riga ta rufe ni, ba ta matse ni ba, tana da aljihu, an gama magana. A kanti farar riga muke ɗorawa a sama, ita ke rufa mini asiri. Kowace safiya Mama takan tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Buhu, haka za ki fita? So kike a ce ba ki da uwa?" Buhu take ce mini tun ina makaranta, kuma na sha yin rantsuwa wata rana zan bar mata gidan saboda sunan nan.

Yau na sa rigata a baibai da gangan, ɗinki a waje, 'yar takardar wuya tana reto. Na ɗaura jan ɗankwali a kan riga ruwan hoda. Na shiga ɗakinta na tsaya inda haske ya fi yawa, na yi ta juyi kamar mai neman wani abu.

Ta dube ni. Na ga ta gani.

"A dawo lafiya, Auta," ta ce.

Ba ta kira na Auta sai ina kwance ba lafiya. Na fice ban tuna na juya rigar ba, sai a motar haya wata tsohuwa ta taɓa ni ta raɗa mini a kunne.

Laraba, da la'asar

Baba ya gano matsalar. Ya kira ni falo ya rage rediyo, abin da ba ya yi sai magana ta yi girma.

"Laifina ne," ya ce. "Mace don mijinta take ado. Na kwana biyu ban yaba ba, shi ne ta yi zuciya."

Tun da Baba ya yi ritaya ba ya fitowa daga ɗakinsa sai burodi ya hau tebur, kafin ritaya kuma yana fita aiki tun Mai Burodi bai zo ba. Wato duk tsawon zamansu, in ka cire ranakun fita unguwa, bai taɓa ganin kwalliyar da ya ce tasa ce ba. Ƙamshin turare kawai yake tararwa.

Ya gyara hula ya je ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya yi gyaran murya.

"Mamansu, wannan rigar ta karɓe ki. Sabuwa ce?"

Rigar feshin sauro fa. Mama ta juya fuskarta bango. Baba ya dawo yana cewa kunya ta ji, a bar shi da ita, nan da kwana biyu za mu ga canji.

Alhamis, da azahar

Yaya, babbar gidanmu, tana aure a wani gari mai nisa, daga can take mulkinmu ta saƙon murya. Yau ta turo wanda na gama wanke-wanke bai ƙare ba. Ta ce Baba ya daina wannan tunanin na mutanen da, mace don kanta take ado, don ta ji daɗin ranta, ba don kowa ba. Wannan Yayar ce fa da ba ta sake sa kaya in an riga an ɗauke ta hoto da su. A ƙarshe dai ta ce a kai Mama wurin likita.

Mun kai ta wurin na bakin titi. Ta yafa mayafi a kan rigar toka, ta zura silifas ɗin banɗaki. Mama, a kan titi, da silifas ɗin banɗaki. Yau ni ce na riƙa sunkuyar da kai saboda shigar wani.

Likita ya yi ta aune-aune ya ce bai ga komai ba, sai dai ta rame, kuma in ta ci gaba da ƙin abinci dole ya ba ta gado. Sannan ya rage murya ya tambaye ni ko an yi mana rasuwa kwanan nan.

"Babu wanda ya mutu," in ji Mama.

Da ƙarfi ta faɗa, har mai jiran layi a waje ya leƙo. Ita ce magana mafi tsawo da ta yi a makon nan.

Juma'a, da safe

Labule a rufe. Rabin ayaba.

Asabar, bayan karin kumallo

Mai Burodi ya tambaye ni, "Wai ina manyan namu? Layin nan ya zama kango." Ya ce ciniki ya ja baya, ashe rabin masu fitowa kallo ne ke fito da su, burodin ɗan rakiya ne. Ya nuna mini rigarsa duk a yamutse, ya ce shi ma ya daina guga, wa zai yi wa.

Na yi kuskuren ba Baba labarin a kan tebur, wai don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ajiye yankan da ke hannunsa ya ƙura masa ido.

"Tun yaushe mutumin nan yake zuwa layin nan?"

"Tun kafin a haife ni, Baba."

"Uhm," ya ce, ya ture farantin.

Lahadi, da hantsi

Baba ya tashi da wuri, ya sa manyan kayansa, ya fesa turaren da Yaya ta aiko masa, ya fita sayen burodi da kansa. Ta tagar falo na kalla. Ya zagaya motar, ya zagaya Mai Burodi, bawan Allah da haƙoransa na gaba suka daɗe da yin ritaya. Suka gaisa har da tambayar iyali. Ya dawo hankalinsa kwance, riƙe da irin burodin da ba ma ci.

Da na bar taga na leƙa ɗakin Mama. Tana tsaye a jikin tata tagar, ta ɗage gefen labule da yatsa ɗaya. Ba motar take kallo ba. Da ta ji motsina sai ta sunkuya ta ce allura take nema.

Litinin, da safe

Labule a rufe. Ba ta ci ba.

Talata, da yamma

Baba ya je kasuwa shi kaɗai, ba wanda ya aike shi. Ya dawo da atamfa a leda: ruwan lemo da shuɗi mai ƙyalli, an zana mata fankoki, kowace fanka har da wayarta. Mai shago ya gaya masa ita ake yayi. Na tabbata atamfar nan ta shekara da shekaru a kan kanta tana jiran mutum irin Baba.

Ya kai mata har gado. Mama ta warware gefe ɗaya, ta murza da yatsu biyu. Idonta ya yi ƙyallin nan na da, gefen bakinta ya motsa. Na ce a raina yau za a wanke Baba tas, a wanke mai shago, a wanke wanda ya fara ƙera fanka. Allah ya sani ban taɓa ƙishin jin faɗa kamar yau ba.

"Na gode. Allah ya ƙara buɗi," ta ce, ta ninke ta ajiye a gefe.

Baba ya yi mini kallon ai na gaya miki. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada a ji ni.

Awarwaronta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Laraba, kafin in fita aiki

Durowar Mama ta sama ko Yaya ba ta taɓa buɗewa ba. Yau na buɗe, a gabanta. Na ciro leshinta shuɗi, wanda ta sa ranar da Waccan ta leƙo ta koma ciki ba ta sayi burodi ba, ranar da har yau ake ba da labarinta a gidanmu. Na sa shi ba guga, na zura takalmin aikina, na ce zan je zubar da shara.

"Ya yi miki," ta ce. "Riƙe shi. Dama ke zan bar wa."

Na cire na ninke yadda take ninkewa. Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Yaya ba. Tsoro nake ji, kuma wannan karon ba na wasa ba.

Alhamis, lokacin cin abincin rana a kanti

Malama ta zo. 'Yar Waccan ce, tana koyarwa a makarantar bayan kasuwa. Muna yara a ɓoye muke wasa a bayan tankin ruwa, kowa ta koma gida ta nuna ba ta san ɗayar ba. Abubuwan da ta saya ba zan rubuta ba. A baƙar leda na sa mata.

Ta ce mahaifiyarta tana buɗe ido, tana ji, tana gane mutane. Ɓangare ɗaya ne dai na jikinta ya shanye. Magana kuwa ko kalma ɗaya tun ranar. In an kawo abinci ta datse baki, in an zo dubiya ta juya bango. Ta ce ɗankwali ba ya zama a kanta, su kuma ba su iya irin ɗaurinta ba, sai suka sa mata hular sanyin ɗan Malama. Ta nuna mini hotonta a waya.

"Mamarku fa? Na daina ganinta."

"Tana nan. Ita ma bango take kallo."

Muka yi dariya, irin wadda ake yi ido ya yi ja. Na tambaye ta ko ta san abin da ya haɗa su tun farko. Ta ce a gidansu an ce tela ne. A gidanmu an ce wani mayafi ne da aka shanya a inda bai kamata ba. Ina jin su kansu sun manta.

Baba ya hana a yi zancen gidan can a gaban Mama, wai kada a ɗaga mata hankali. Ban ga hankalin da ya rage a kwance ba.

Juma'a, da la'asar

Na karya dokar Baba.

Na kai mata shayi na zauna a bakin gado. Ta ba ni baya. Na ce na ga Malama. Na faɗi abin da ta ce game da ɓangare ɗaya, da magana, da abinci. Na ce ko juyi sai an juya ta, cikin rigar nan ta asibiti. Na riga na ɗauki tire zan fita sai na ji murya daga jikin bango.

"Wace irin riga?"

"Ta asibiti, Mama. Mai igiya a baya."

"Wane launi?"

"Irin koren nan da ya sha wanki."

"Kore ba ya karɓarta. Kanta fa?"

"Hular sanyi suka sa mata. Ta jikanta. Mai hoton ƙwallo."

Mama ta juyo. Rabon da in ga fuskarta gaba ɗaya har na manta.

"A gaban mutane?"

"Ɗakin jama'a ne. Ana ta shige da fice."

Ta tashi zaune, ta sauke ƙafafunta ƙasa, ta dubi silifas ɗin banɗaki kamar yau ta fara ganinsa, ta shure shi ƙarƙashin gado.

"Akwai wuta?"

"Akwai."

"Jona mini dutsen guga. Ki soya mini ƙwai, ba a yin guga da yunwa."

Ta cinye, ta suɗe, ta ce gishiri ya yi yawa. Na kusa rungume ta saboda gishirin nan.

Asabar, da yamma

Zan rubuta duka, don Yaya za ta ce ƙari na yi.

Tun asuba ake jin ruwa a banɗaki. Mai Burodi ya danna hon ya gaji ya tafi, ba ta ko leƙa ba, yau ba ranarsa ba ce. Leshin nan shuɗi ta sa, wanda ta ce ta bar mini, ba ta kuma nemi izinina ba. Ya yi mata yawa a kafaɗa, ta kama da fil ta ciki. Ta yi ɗaurin da sai ta sunkuya za ta fita ƙofar ɗaki. Jaka ruwan azurfa, 'yan kunne ruwan azurfa, ga wata babbar jaka daban da ta cusa wa kaya ta ce in riƙe kada in buɗe.

Baba ya fito ya gan ta, ya tsaya da rediyo a hannu.

"Ai na gaya muku," ya ce. "Amma Mamansu, ina mai fankar?"

"Sai babban taro," in ji Mama.

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi.

Muna bakin ƙofa na kalli ƙasa na ga takalmin. Ruwan ƙasa ne, mai faɗin baki, wanda take zuwa kasuwar kifi da shi. A ƙarƙashin shuɗin leshi da azurfa. Ni Buhu, ni na gano kuskure a jikin Mama. Farin ciki ya kama ni, tausayi ya biyo baya, na ce kwanciyar nan ta taɓa mata ido.

"Mama, takalmin nan fa..."

"Rufe mini baki. Yau kika fara gani?"

A asibiti mutane suka riƙa matsawa gefe. Mai gadi ya ƙame, ya ɗauka matar wani babba ce ta zo duba aiki. Malama ta gan mu ta miƙe, ta jawo kujera. Mama ba ta zauna ba. Ta tsaya a ƙarshen gadon, ta gyara jaka a hannu yadda take yi a jikin motar burodi.

Ban taɓa ganin Waccan ba kwalli ba. 'Yar ƙarama ce ashe. Fuskarta na bango, ƙwallon hular na kallonmu.

"An tashi lafiya?" in ji Mama.

Ba abin da ya motsa. Sai can kan ya fara juyowa, a hankali, har idon ya iso. Ya fara daga ɗauri. Ya sauko 'yan kunne. Ya daɗe a kan leshin, na ga ta gane shi. Ya sauko jaka. Daga nan ƙarfen gado ya tare.

Mama ta ja da baya, ta sake ja, har ta fito fili inda ba abin da ya kare ta, ta ɗan ɗage gefen zane kamar mai gudun ruwa.

Idon ya sauka ƙasa ya tsaya. Bakin ya fara motsi, ɓangaren da ke motsi. Malama ta damƙe hannuna, har yanzu da shaidar farcenta.

"Ta... kal... mi."

"Me ya samu takalmin?" in ji Mama, a fusace.

"Bai... shi... ga... ba."

Sai wani sauti ya biyo baya, na ɗauka shaƙewa ta yi, har na juya zan kira ma'aikaciyar jinya. Dariya ce. Da rabin baki take yi, amma dariyar mugunta ce cikakkiya.

"Ba wuta a ɗakina," in ji Mama. Da wuta. Ni na jona mata guga.

Ta karɓe babbar jakar daga hannuna, ta ja labulen da ke zagaye gadon, ta kore mu. Muna tsaye a waje muna jin ta. "Wa ya sa miki wannan? Ɗaga kai. Ban ce ki taimake ni ba, na ce ki ɗaga kai." Can ta leƙo ta ce wa Malama, "Kawo abincin nan yanzu. Kafin jan baki ake ci, ba bayansa ba, ko shi ma sai an koya muku?" Malama ta miƙa kwano tana kuka. Kwanon ya fito babu rabi.

Da aka yaye labulen, koriyar rigar ta ɓace a ƙarƙashin wani mayafi ruwan zuma da ban taɓa sanin Mama tana da shi ba. Ga kwalli, ga jan baki, ga ɗauri ya tashi sama har ya fi na Mama. Matar gadon kusa ta ce a taimaka a zo mata nan ita ma.

Ba su yi sallama ba. Mama ta ɗauki jakarta ta ce, "Sai gobe," tana kallon taga.

A motar haya tana kallon waje, kwalli yana gangarowa, ni kuma ina kallon ƙeyar direba. Da muka kusa kwanar layinmu sai ta buɗe babbar jakar, ta laluba can ƙasa, ta ciro takalmi ruwan azurfa a naɗe cikin tsumma. Ta cire na kasuwar kifi ta miƙo mini.

"Riƙe. Ba zan ratsa layinmu da wannan abin kunya ba."

Lahadi, da azahar

Shinkafa faranti guda, da ƙari. Mama ta koma asibiti, da kaya daban. Na lura jakar yau ba ta shiga da mayafin ba. Na yi kamar ban gani ba.

Talata, da yamma

Yaya ta turo saƙo mai tsawo, ta ce ai dama ta faɗa, likita ne maganin abin. Baba yana gaya wa abokansa a ƙofar gida cewa mace ba ta son komai illa kulawa. Atamfa mai fanka tana shimfiɗe a kan teburin guga, bai gane ta ba.

Malama ta sake zuwa kanti. Kalmomin mahaifiyarta sun ƙaru, yawancinsu a kan Mama ne, kuma babu na yabo. Za a sallame su. Abin da likita ya gaya mata a gefe ba zan rubuta ba.

Wata Litinin, da hantsi

An buɗe labule.

Tun da duhu-duhu Mama ta tsallaka titi cikin rigar aikin gida, da babbar jakar a hannu. Ta daɗe a can. Ta dawo da sauri ta shige ɗaki, na ji durowa tana buɗuwa tana rufuwa. Mai Burodi ya danna hon, rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli. Rabin layi ya fito.

Malama ta turo mahaifiyarta a keken guragu har jikin motar. Mama ta fito daga tamu ƙofar kamar ba ta taɓa taka gidan can ba.

"An tashi lafiya?"

"Lafiya... lau."

Ido ya yi aikinsa, daga sama har ƙasa, ba gaggawa.

Mama ta dawo shiru. Ta dangwarar da burodi a tebur ta shiga kicin, tukwane suka fara shan wahala. Na leƙa.

"Lafiya, Mama?"

"Ba ki ga ɗaurinta ba? Ya fi nawa zama."

"Ai ke kika ɗaura mata."

"To da sai in bar ta ta fito haka nan? Wa zan kayar?" Ta buga murfi a kan tukunya, sannan ta juyo ta dube ni, daga ɗankwali har takalmi. Na tsaya cak, na ba ta lokaci. Tun jiya na zaɓi rigar nan, ita ce mafi muni a cikin kayana.

"Buhu, haka za ki fita? So kike a ce ba ki da uwa?"

Na koma ɗaki na canza.